Fenti na ɓarewa a jikin ƙwarya: yaya ake zana tsuntsu a kayan kiɗa ba a kashe sauti ba?

Ɗan Kawo Mai Zane:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a wannan sana'a. Aikina zane ne a kan allo da yadi. To wata ƙungiyar kiɗan gargajiya a nan Kaduna ta kawo min kalangu biyu, ganga ɗaya, gurmi, goge da shantu huɗu, suna so a yi musu ado da tsuntsaye: gauraka, zabuwa da belbela. Kafin in taɓa kayan mutane sai na gwada a bayan wata ƙwarya da fentin mai. Bayan mako biyu fentin ya fara tashi, da farce ma ana ɓare shi kamar ɓawon albasa. Farin belbelar ya koma ruwan ƙwai da na shafa banish. Gaurakan kuma da ya fito tsaf a takarda, da ya hau ƙwarya sai wuyan ya karkace, ƙafafun suka gajarce. Me ake yi wa ice da ƙwarya kafin fenti? Wane fenti ya dace? Ina ne ba a taɓawa? Shugaban ƙungiyar yana so har a kan fatar gangar a zana, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Masassaƙin Rigasa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, rashin kwanciyar hankalin nan naka shi ne daidai. Kada ka sa wa fata fenti, ko ɗigo. Fata ita ce muryar ganga. Duk abin da ka ɗora mata nauyi ne, kuma fenti in ya bushe sandarewa yake yi, alhali aikin fata ta miƙe ta saki. A kalangu abin ya fi muni, don fatarsa siririya ce ƙwarai, kuma duk matsar da makaɗi ya yi wa tsarkiya da hammata, fatar ce ke ja. Fentin zai tsattsage, muryar sama ta dushe, kalangu ya daina magana ya koma bugu kawai. In wani ya ce maka ai ana manna nake, wani haɗi mai danƙo, a fatar kotso, ka ce masa wannan da gangan ake yi, a tsakiya, da awo, don a gyara murya. Ba ado ba ne.

Wuri na biyu shi ne bakin icen, inda fata ke zama. Bar faɗin yatsu biyu, kamar santimita 4, ba fenti ba banish. Can fata ke zamewa in an matsa. In ta sami wuri mai danƙo sai ta kama, in kuma fentin ya ɓare ya bar kaifi, shi zai yanke ta daga ciki ba a sani ba. Na uku cikin icen. Ba ruwanka da ciki, yadda masassaƙi ya bar shi haka za ka bar shi.

Na huɗu inda jikin makaɗi ke gogawa, kuma wannan ba a cankarsa, gwadawa ake yi. Goga wa bayan gurmin da na gogen alli gaba ɗaya har su yi fari, ka ba masu su su kaɗa minti goma yadda suka saba. Inda allin ya share, nan ne ciki da cinya da hannu ke taɓawa, gumi zai cinye duk abin da ka sa. Za ka ga kusan duk tsakiyar bayan ƙwaryar ya tafi. Abin da ya rage maka shi ne zoben gefe, faɗin santimita 5 zuwa 6, kuma dama shi 'yan kallo ke gani. Masu zane da yawa suna zuba ƙwarewarsu a tsakiyar ƙwarya, sai makaɗi ya rungume abinsa, ba mai gani sai rigarsa.

Kalangu kuwa sai an kwance tsarkiya an cire fata kafin a yi masa zane mai kyau, kuma ba kai za ka kwance ba, mai haɗa shi ne. Ku yi magana tun farko a kan kuɗin sabuwar fata, don tsohuwa in ta sauka ba kullum take komawa ba. In sun ƙi a kwance, kada ka cusa burushi tsakanin tsarkiyoyi. Fenti in ya taɓa tsarkiya tana ƙagewa, nan za ta tsinke. Ko an kwance ma, ka tuna in an mayar, zanen ta bayan shinge za a riƙa hangensa. Saboda haka tsuntsu ɗaya babba mai launi biyu, ba ƙananan layuka ba. Gauraka a jikin ganga ya kamata ya zauna, can akwai fili tsakanin igiyoyi.

Ka duba bushewar icen. In sabon sassaƙa ne, ɗora shi a sikeli ka rubuta, bayan mako ɗaya ka sake. In nauyin na raguwa, bai gama bushewa ba. Ka rufe bayansa da banish a haka, hunturu na zuwa ruwan zai fita ta ciki kaɗai, icen ya dare da fentinka a kai. Alilliba mai sauƙin kai ne, yana shan fenti lafiya. Maɗaci da ƙirya masu duhu ne, sai an yi musu farin ƙasa kafin launi ya fito. In ka ga gari mai laushi na zubowa daga ƙananan huji, ƙwaro ne a ciki, a yi maganinsa kafin ado.

Malam Mai Burushi, Unguwar Rimi:

Baba Masassaƙi ya gama maganar iyaka. Bari in ɗauki ta fenti.

Abin da ya ɓare maka fenti ba fentin ba ne, ƙwaryar ce. Duma yana da wata siririyar fata mai santsi a bayansa, mai ɗan kaki, wadda ruwa ba ya ratsawa. A kanta ka shafa. Ƙari a kan haka, gurmi ko goge da aka yi shekara ana kaɗawa ya sha maiƙon hannu, wani ma mai shi kan shafa masa man kaɗe don ƙyalli. Gwajin mai sauƙi ne: ɗiga ruwa. In ɗigon ya dunƙule ya tsaya kamar ƙwayar dutsen wuya, akwai maiƙo ko kaki. In ya baje ya ɗan duhunta wurin, to fenti zai kama.

Ka fara da goge wurin da tsumma mai sifirit, sau biyu, kana canza gefen tsumman. Maiƙo ake fara cirewa kafin samfefa, in ba haka ba samfefa tura shi ciki za ta yi. Daga nan samfefa mai lamba 180 har ƙyallin ya mutu, sai 240 ko 320 don a share sawun ta farko. A ice ka bi tsawon jijiyarsa, a ƙwarya ka yi zagaye-zagaye da hannu mara nauyi. Kafin duk wannan ka rufe gefen fata da tef ɗin takarda da leda, amma tef ɗin a kan ƙwarya zai kama, ba a kan fatar guza da aka rufe fuskar gogen da ita ba, don yana ɗago ɓawonta. In akwai tsohon fentin mai a jikin ganga, jiƙa samfefar ka goge da danshi, kada ka shaƙi ƙurar. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja, kan ƙunshi dalma, kuma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba wanda ke bukatar a yi masa bayanin gubar dalma.

Sai toshe ƙofofin icen. In ka sami shelak, wani ƙaro da ke narkewa a sifirit, jiƙa giram 60 a rabin lita na sifirit ya kwana, ka tace da tsohon kallabi, ka shafa sau biyu da tazarar awa ɗaya. In babu, silar kafintoci ta wadatar, amma a sirka ta da tina rabi da rabi, shafa ɗaya, in ta bushe a bi ta da 320 sama-sama don akirilik ya sami abin kamawa. Ƙwarya ba ta cika bukatar wannan ba in ta gogu da kyau.

Farin ƙasa kuma iya siffar tsuntsun za ka yi shi, kada ka lulluɓe kayan duka. Launin ƙwarya da na ice ai shi ne rabin adon. Haɗin: cokali ɗaya na farin gam ɗin kafintoci, biyu na ruwa, biyu na garin alli da aka tankaɗe, ɗaya na farin akirilik. Shafa biyu sirara. In ka cika alli zai tsattsage, in ka cika gam zai yi santsi fenti ya riƙa zamewa.

Fentin da ya dace akirilik ne na masu zane, ba fentin ruwa na bango ba, shi wannan alli ya yi masa yawa, jiƙaƙƙen hannu na taɓa shi yake bi. Kaurinsa kamar kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, shafa uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Kada ruwan sirki ya wuce kashi ɗaya cikin uku, in ya wuce ƙarfin kamawarsa ya tafi. Ga ƙa'idar da ke ɓata wa mutane aiki: fentin mai yana zama a kan akirilik, akirilik ba ya zama a kan fentin mai. Kuma banish ɗin feshi na kafintoci, wanda ake sirkawa da tina, in ya hau fentin mai sai ya tamushe shi kamar fatar tsohuwa, don tinar tana narkar da na ƙasa.

Belbelarka banish mai mai ne ya rina ta. Shi dama launin zuma gare shi tun a gwangwani, kuma ƙara rawaya yake yi da shekaru. A kan maɗaci yana da kyau, a kan fari ɓarna ne. Nemi banish na ruwa, wanda yake kamar madara a gwangwani amma ya bushe garau. Akirilik yana bushewa a taɓa cikin minti 15 zuwa 20, amma wannan bushewar sama ce. Ba shi kwana uku, in da hali mako, kafin banish. Shafa biyu, ko uku a jikin ganga. A gurmi da goge biyu sirara, iya zoben da aka zana.

Karkacewar wuya kuwa, takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ƙwarya kuwa dunƙulalliya, ba yadda za a yi ɗaya ta kwanta a kan ɗaya ba ta naɗe ba. A ganga ba matsala, don ta gefe ɗaya kawai ta lanƙwashe. A ƙwarya ka zana kai tsaye da fensir mai laushi. Ɗaura zare ya zagaye ta, ka bi shi da alli ya zama layin ƙasa, ka ja wani a tsaye, duk tsuntsun a kansu zai dogara. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zagayen, don abin da ya wuce haka ido ba ya kama shi a kallo ɗaya, gefe-gefen sai su gudu. Kuma kada ka duba aikin a kan tebur. A rataya shi yadda za a kaɗa, ka ja baya taku biyar. In ƙafa ta gangara inda ƙwarya ta fara lanƙwasa, ƙara mata tsawo kaɗan har ta yi daidai a ido.

Inna Mai Shantu, Tudun Wada:

Ɗana, duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne a kan ganga. Amma shantu ka ajiye burushi. Shantu a cinya ake buga gindinsa, tafi na rufe bakinsa, zobba da awarwaro na ƙwanƙwasa jikinsa. Wane fenti ne zai jure wannan? Biki biyu ya zama tabo-tabo. Adon shantu da ƙwarya wuta ce, ita ba ta ɓarewa.

A samu wuƙaƙen ƙuna uku ko huɗu masu ƙotar ice, maƙera na yi, a kasuwar Panteka ma za a buga maka daga tsohon ƙarfe. Ɗaya mai siririn baki don layi, ɗaya mai faɗi don cike duhu, ɗaya mai tsini don ɗigo. Ana jera su a garwashin gawayi, ana aiki da ɗaya sauran na ɗaukar zafi, don wuƙa ba ta wuce ja uku ko huɗu take hucewa. Kada ta yi ja jawur. In ta yi haka sai ta nutse, gefen layin ya babbake ya yi ɓurɓushi. Zafin da ake so shi ne in ta taɓa sakaina ta bar layi ruwan ƙasa mai duhu da ɗan siririn hayaƙi. Sakainar gwaji ta kasance kusa da kai kullum, kowace wuƙa ta fara taɓa ta. Wuƙar a tsaye take kusan wuri ɗaya, shantun ake juyawa a kan cinya da ɗaya hannun, da tsumma mai kauri a ƙasa.

Jikin shantu bai kai na ƙwaryar fura kauri ba. Leƙa bakinsa ka ga kaurin, zurfin layinka kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Kuma kada ka ja layi mai zurfi doguwar miƙe daga sama har ƙasa, hanyar tsagewa ka buɗe. Zobe-zobe da layi mai karkata sun fi aminci. Bar faɗin tafi a sama da ƙasa ba komai. Shantu in ya tsage, ko an like shi muryar ba ta dawowa.

Cikin tsuntsayenka uku zabuwa ce ta wuta. Ka ƙona siffarta, sannan ka cika jikin da layuka masu gilma juna kamar saƙar raga, kusa-kusa. 'Yan filayen da suka rage a tsakani, farin ƙwaryar, su ne zanenta, ba sai ka ɗiga komai ba. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Belbela kuwa juyawa ake yi: a ƙona abin da ke kewaye da ita ya yi duhu, a bar ta fara.

In kana son ja, karan dafi da ɗan ruwan kanwa, ko galura, a shafa da auduga bayan ƙuna. Su rini ne, shiga suke yi, sai dai rana na kashe su a hankali. A ƙarshe kakin zuma kaɗan a tsumma, a murza har ya yi sheƙi. Amma fa in kaki ya hau, an rufe ƙofar fenti har abada, sai ka yanke shawara tun kafin. Masu amfani da ƙarfen sodar masu gyaran rediyo suna samun layi mai tsafta in an goge bakinsa ya yi siriri, sai dai yana da nawa, kuma in an ɗauke wuta aiki ya tsaya. Abu ɗaya: kada ka taɓa ƙona wurin da ya sha fenti ko banish, hayaƙinsa guba ne. Wuta tukun, launi daga baya.

Abokin Tsuntsaye, Malali:

Ni a kan tsuntsayen zan yi magana, don ko fenti ya zauna shekara ashirin, in tsuntsun ba shi ba ne, mutanen ƙauye za su gane da kallo ɗaya.

Gauraka iri biyu ne, kuma wanda ya cika intanet na gabashi da kudancin Afirka ne, shi ne a tutar Yuganda. Wuyansa toka-toka mai haske, kuncinsa fari da ɗan ja a sama, da jan leɓe babba yana reto a maƙogwaro. Namu ba haka yake ba. Wuyansa da jikinsa masu duhu ne, kusan baƙi. Kuncin rabin sama fari, rabin ƙasa ja-ja mai haske, leɓen maƙogwaron ƙarami ne ƙwarai. Goshi baƙi wuluk mai taushi kamar karan-miski, ido mai haske, baki da ƙafafu baƙaƙe. A fiffike akwai babban fari, bayansa gashi ruwan makuba, da 'yan zare-zare masu ruwan zinare a kansa. Yanzu da wuya ka gan shi a daji a ƙasar nan, sai a gidajen masu kiwonsa, shi ya sa kuskuren ya yi yawa.

Tukkun nan nasa ba fanka ba ce a tsakiyar ka. Daga ƙeya yake tashi, ya baje kamar tsintsiya. Ɗauki burushi siriri mai dogon gashi, lamba 0 ko 1. Rawaya da ɗan ruwan ƙasa, ya zama launin busasshiyar ciyawa. Kowane sili ja ɗaya ne daga ƙeya zuwa waje, kana ɗaga hannu a ƙarshe. Kamar talatin zuwa arba'in, masu duhu a fara, masu haske a kansu, tsawonsu ba ɗaya ba. Ka koma kan sili don gyara, ya mutu. Jikin kuma kada ka matso baƙi daga bututu ka shafa, zai zama kamar rami. Haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, ka ƙara ɗan fari a inda haske ke sauka, a baya da kafaɗa.

Zabuwa je ka kalle ta da rai, a kasuwa ba ka rasa ta. Jikinta dunƙule ne, bayan a tanƙware, wutsiya na kallon ƙasa, kai ƙarami a kan siririn wuya. Fuska fari-fari mai ɗan shuɗi, leɓuna ja, da ɗan ƙaho a ka. In da fenti za ka yi ta, ɗigon da tsinken tsintsiya ake yi, ba burushi ba. Yanka tsinke uku masu kauri daban-daban. Ƙanana kusa da wuya, manya a baya da ciki, a dogayen gashin fiffike kuma ɗigon kan haɗu ya zama kamar layi. Ɗigon a jere yake, jerin na bin lanƙwasar jiki, shi ke nuna ƙiba. Ka watsa su barkatai, ta zama atamfa. Gindin wuya ba shi da ɗigo. Farin kuma a kashe shi da ɗan toka.

Belbela tana nan bakin kogin Kaduna duk inda shanu suke. Gajeren wuya gare ta in aka gwada da zalɓe, baki rawaya, haɓa cike. Lokacin sheƙa takan yi ɗan ruwan goro a ka da ƙirji da baya, wannan na taimakon mai zane ƙwarai don fari zalla ba ya nuna siffa. Inuwar cikinta da ƙarƙashin wuya toka mai shuɗi-shuɗi, kaɗan. In a sama za ka zana su, belbela naɗe wuya take yi, kai ya koma tsakanin kafaɗu. Gauraka da shamuwa miƙe wuya suke yi. Wannan kuskuren har a jikin manyan motoci ana ganinsa.

Ƙafa: abin da ake ɗauka gwiwa ce mai lanƙwasa baya, idon sawu ne, gwiwar gaskiya tana ɓoye cikin gashi. In ka riƙe wannan ba za ka karya ƙafar tsuntsu ba. Ja layi a tsaye daga tsakiyar nauyin jiki, dole ya sauka tsakanin yatsu, in ba haka ba tsuntsun faɗuwa yake yi. Yatsu uku gaba ɗaya baya, in ban da irin su aku mai biyu gaba biyu baya. Ido a yi shi ƙarshe, da ɗigon fari ɗaya a sama ta gefen da haske ke zuwa.

A kuma kula da kirari, tunda kayan maroƙa ne. Belbela ci da motsin wani ake ce mata, hankaka mai da ɗan wani naka. Makaɗi ya shiga fili da belbela a gangarsa, abokin adawarsa ya sami abin zambo kyauta. Mujiya da ungulu ba a ma fara ba.

Ɗan Kawo Mai Zane:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na gwada ɗigon ruwa a gurmin, ya tsaya cak kamar yadda Malam ya ce. Na kuma duba hoton da na kwafa, ashe na Yuganda ne. Saura biyu. Shugaban har yanzu yana son wani abu a fuskar gangar, ko akwai abin da ba zai cutar ba? Sun kuma ƙaro algaita da maratayan kalangu, duk fata ce.

Badukun Kasuwar Barci:

Ɗan'uwa, fata biyu ce, kada ka haɗa su. Ta fuskar ganga ɗanya ce, an cire gashi an shanya kawai. Ta maratayi da rigar algaita jemammiya ce, ta sha bagaruwa.

A jemammiya rini ake yi. Baƙi kuloko ne: tsatsattsun ƙusoshi ko kashin maƙera a jiƙa a ruwa da ɗan sukari ko tsamiya, a rufe sama-sama mako ɗaya zuwa biyu, a tace. Ruwan ba baƙi ba ne a ido, sai ya taɓa fata ya haɗu da bagaruwar da ke cikinta yake komawa baƙi. Da alƙalamin kara ake zana shi, ja ɗaya, ba ya goguwa, kuma in ka maimaita da yawa wurin na ƙonewa ya karye daga baya. Ja karan dafi, rawaya gangamau. Tsuntsu mai launi da yawa a maratayi gara a yanka shi daga fatu masu launi a ɗinka, ya fi rini daɗewa a kafaɗa mai gumi. In akirilik za ka sa, a tsinka shi sosai, shafa uku, ka lanƙwasa fatar bayan kowace shafa, in ya nuna tsaga ya yi kauri. Algaita kuma nesa da hujojin yatsu da inda baki ke kamawa.

Fuskar ganga kuloko ba ya kama ta, don ba bagaruwa a ciki. In shugaba ya kafe, lalle ne mafita. Kwaɓa shi da kauri, a zana siririn zobe ko sawun tsuntsu a gefe, faɗin yatsa ɗaya, nesa da inda makaɗi ke sauka, a kankare bayan awa biyu zuwa uku. Launi yake bari, ba nauyi. Fatar za ta saki saboda danshi, kada a ja ta kuma kada a kaɗa sai ta bushe a inuwa kwana ɗaya. A ganga kaɗai na ce, ban da kalangu, ban da fatar guza.

Ka kuma tambayi kowane makaɗi shi kaɗai, ba shugaba kawai ba. Akwai wanda ba ya son hoton abu mai rai a kayansa, akwai gidan bikin da za a yi magana. Hukuncin na malamai ne, amma a sana'a akwai hanya: zanen gashin zabuwa zalla, ko tukkun gauraka, ko sawu, a haɗa da dagi. Kowa zai gane tsuntsun ba a zana shi ba.

Malam Mai Burushi, Unguwar Rimi:

Na manta maganar yanayi, kuma a Kaduna ita ke yanke hukunci a kan banish. A tsakiyar damina, Yuli zuwa Satumba, banish ɗin feshi kan yi hazo-hazo fari, don tina na tashi da sauri tana sanyaya wurin, danshin iska ya kwanta a ciki. A yi shi tsakanin ƙarfe 11 da 2 a ranar da gari ya buɗe, a waje, nesa da garwashin Inna, don tina da wuta ba sa ga maciji. Na ruwa kuma a damina ninka masa lokacin bushewa. Da hunturu akasin haka ne: akirilik na bushewa a bakin burushi, sai ka matse fentin a kan jiƙaƙƙen tsumma da aka rufa wa siririyar takarda mai barin danshi ya ratsa, ka yayyafa wa ɗakin ruwa, ka kifa kwali a kan aikin da zarar ka gama shafa, don ƙura. Kada ka kai ƙwarya rana don ta yi saurin bushewa.

Gogen ka riƙe shi mako ɗaya bayan banish na ƙarshe kafin ka mayar. Garin ƙaron da ake goga wa izga yana zuba a jikinsa, in banish bai ƙosa ba sai ya manne ya zama ƙuraje, ba ya fita sai da samfefa. Kafin ka cire jaki, wato ɗan abin da ke ɗaga tsarkiya daga kan fata, a gurmi ko goge, yi wa gurbinsa alama da fensir a gefen ƙwarya ta ɓangare biyu, a mayar da shi daidai inda yake.